Romon Barewar Baba Kalli

Bayan sallar azahar Abbagana ya naɗe bindigar mahaifinsa cikin tsohuwar tabarma, ya ɗaure ta a gefen babur da igiyar roba. Shi ba maharbi ba ne. Injin ban-ruwa yake gyarawa a bakin kasuwar Gashua, rabonsa da riƙe bindiga kuwa tun kafin ya yi aure. Amma tsohon ya ce romon barewa yake so, kuma kwana huɗu ke nan bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa.

Wata bakwai Baba Kalli ya yi yana fama da ciwon ƙoda. Abbagana ne ke kai shi asibitin Nguru, ya dawo da shi, ya sake mayar da shi, har ya haddace kowane rami da ke kan hanyar. Makon da ya wuce likita ya ja shi gefe, ya ce su koma gida su ci gaba da addu'a. Abbagana ya ce to. Har godiya ya yi. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofar asibiti yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba, sai ya tafi neman mota.

Haka ya koma tun tsakiyar damina. Yana cin abinci bai san ɗanɗanonsa ba. Yana juya tsohon, ya wanke shi, ya canza masa shimfiɗa, hannuwansa na aiki kamar na aro. Matarsa Fanne ta tambaye shi abin da ke damunsa har ta gaji ta bari.

Da safiyar ranar, da ya ce zai je, sai tsohon ya buɗe idanunsa tar. Shekara arba'in ya yi yana farauta tsakanin Jajimaji da Kumagannam, ba wanda ya fi shi sanin wannan dawa.

"Zauna," in ji shi, muryarsa kamar ana jan kara a ƙasa. "Kai in ban gaya maka ba, da takunka kaɗai za ka kori duk abin da ke dajin."

Abbagana ya zauna a bakin katifar.

"Ka dace da lokaci. Babu kamar ƙarshen kaka. An kwashe gero, ciyawa ta kwanta, ido na kaiwa nesa. Su kuma sun yi ƙiba da ragowar wake a gonaki. Ƙananan tafkuna sun ƙafe, sai ɗai-ɗai. Ka wuce Jajimaji ka yi arewa. Akwai tafki a kwari tsakanin tudun yashi biyu, da goruba a bakinsa. In da sauran barewa a ƙasar nan, can za ta zo da yamma."

Ya tsaya ya mayar da numfashi. Fanne ta ɗiga masa ruwa a leɓe da cokali.

"Ban da sabulu, ban da turare. Fanne ta rataya maka rigarka a hayaƙin kashin shanu. Barewa hancinta ya fi idonta. Ka riƙa ɗibar yashi kana saki, ka ga inda ya karkata. Iska ta bugi fuskarka, kar ka yarda ta bi ta bayanka. Taku uku, ka tsaya ka saurara. Kar ka taka karan gero, ya bushe yanzu, ƙararsa kamar an buga ganga. Ka duba kashinta. In yana sheƙi, ya lotsa a yatsa, to ba ta yi nisa ba."

"To, Baba."

"Bayan ƙafar gaba za ka auna. In ta faɗi, ka hanzarta da wuƙa da bisimilla. In ta tsere da rauni kar ka bi ta a guje. Ka zauna, ita da kanta za ta nemi wurin kwanciya. Mai ɗa a bayanta ba taka ba ce. Rana na yin ja ka juyo, da nama ko babu."

A jikin bango, sama da kan tsohon, akwai kan burtu a rataye, wanda maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su duƙa suna tafiya irin ta tsuntsun. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudunsa. Abbagana ya kai hannu zai sauko da shi.

"Bar shi. Bayanka ba zai iya ba." Tsohon ya lumshe ido. "Sai abu ɗaya kuma..."

Tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa sai barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe. Abbagana ya ɗan jira, ya ga ba farkawa zai yi ba, ya tashi.

Ya yi la'asar a masallacin bakin titi a Jajimaji, sannan ya sauka daga kwalta ya bi hanyar amalanke. Gonaki duk an share. Sai kututturan kara, da damin harawa da aka ɗora a kan bishiyoyi don kar dabbobi su ci. Ya wuce wasu mata uku da buhunan wake a ka, bayansu bai ƙara haɗuwa da kowa ba. Da yashi ya yi wa babur yawa, sai ya jingine shi a gindin wata aduwa, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya kwance bindigar ya ɗura ta.

Ya ɗebi yashi ya saki. Iska daga gabas take. Ya zagaya ta yamma.

Taku uku, ya tsaya. Taku uku, ya tsaya. Ƙarangiya ta cika masa ƙafar wando. Rigarsa na warin hayaƙi. Kurciyoyi na kuka ta ko'ina, can nesa kuma wani jaki ya yi kukansa ya yi shiru. A gindin wata magarya ya ga kashi, ƙanana baƙaƙe, suna sheƙi. Ya matsa ɗaya da yatsa, ya lotsa. Da sauran ɗumi.

Bai ji zuciyarsa ta buga ba. Ya goge yatsan a yashi ya ci gaba.

Warin laka ya fara iske shi kafin ya ga ruwan. Tafkin ya janye ya bar baki mai tsattsagewa, ruwan da ya rage bai fi faɗin tsakar gida ba, kore shar da gansakuka. Ya sami kurmin sabara ya tsugunna a bayansa, rana a ƙeyarsa, ya ɗora bindigar a gwiwa ya ɗana ta.

Ya daɗe a nan. Ƙafarsa ta dama ta yi tsami, ta mutu, bai motsa ta ba.

Sai ya hango burtu a ɗaya gefen tafkin.

Shi kaɗai ne, baƙi wuluk, yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar fara. Ya zagayo ruwan a hankali. Bai nufi ko'ina ba sai kurmin sabarar. Da ya matso sai Abbagana ya ga gwiwoyin mutum a ƙarƙashin baƙin zane. Maharbi ne.

Ya bi ta kan busasshen kara. Karan bai yi ƙara ba.

Ya zo ya tsugunna a gefen Abbagana, kafaɗa da kafaɗa. Zanen ya rufe fuskarsa, sai dogon bakin burtun ne ke lilo a gaba. Yana warin jiƙaƙƙiyar fata.

"Wushe," in ji shi cikin raɗa, gaisuwar Barebari. Muryar a bushe take, kamar an zuba tsakuwa a ƙwarya.

"Wushe dai."

"Na san bindigar nan. Ta Kalli ce."

"Babana ne."

"Ashe ya haifa. Wane suna?"

"Abbagana."

"Abbagana," in ji mutumin. Ya sake faɗa. Ya kuma sakewa, a hankali, kamar mai tsotsar goruba. "Shi yana ina yanzu?"

"Yana Gashua. Yana kwance."

"Ta wane gefe?"

Abbagana ya kwatanta masa. Layin da ke gangarawa kogi, gida mai shuɗiyar ƙofar langa-langa, da darbejiya a gaba. Mutumin ya tambayi su wa ke cikin gidan. Ya ce matarsa ce da 'yarsu Kaltum, shekararta huɗu. Ya tambayi yadda matar ke kiransa. Ya ce Baban Kaltum. Ya tambayi ta wane gefen katifa yake zama in zai ba tsohon ruwa. Ya faɗa masa.

Bai ga abin ɓoyewa ba. Wata bakwai kowa jikin tsoho yake tambayarsa. Wannan ne mutum na farko da ya tambaye shi game da kansa, sai bakinsa ya yi ta amsawa shi kaɗai, idonsa na kan ruwa.

Mutumin ya yi gyaran murya kafin tambaya ta gaba.

Abbagana ya san wannan gyaran muryar. Sau biyu, gajere, na biyun ta hanci. Fanne na yawan tsokanarsa da shi.

"Kana jin tsoron ya mutu?" in ji mutumin.

Muryar ta daina bushewa. Ta yi kauri, ta yi ƙasa-ƙasa. Ya taɓa jin ta a saƙon murya da ya tura wa wani mai gona, da aka kunna a gabansa.

"A'a," in ji Abbagana. Gaskiya ya faɗa.

Hannu ya fito daga ƙarƙashin zanen ya dafa yashi. Akwai baƙin mai a ƙarƙashin farce. A babban yatsa akwai tabo, inda bel ɗin inji ya taɓa kama shi shekara shida da suka wuce.

Abbagana ya dubi hannun. Ya dubi nasa. Ya mayar da ido kan ruwa.

Rana ta yi ja.

Ya san ya kamata ya tashi. Ya ji maganar a kansa sarai, kamar ana faɗa wa wani a ɗakin maƙwabta.

Kurciyoyi suka yi shiru gaba ɗaya, a lokaci guda.

Sai barewa ta gangaro daga tudun yashi. Wata ta biyo ta. Wata kuma. Goma. Ashirin. Suka yi ta zubowa kamar awakin gari da yamma. Barewar da ta rage a ƙasar duka ba ta kai haka ba. Ba su sha ruwa ba. Suka jeru a bakin tafkin suka zuba wa kurmin sabarar ido.

"Harba mana," in ji mutumin.

Abbagana ya ɗaga bindigar. Ta yi nauyi kamar turmi. Bakinta ya yi ƙasa ya caki yashi.

"Ka gaji."

"Na gaji."

Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

"Wata bakwai ba kwana bakwai ba ne. Kawo hular."

Ya cire ya miƙa.

"Makullin."

Ya laluba aljihu ya miƙa.

Mutumin ya kwance kan burtun, ya yaye zanen ya ajiye a ƙasa.

Fuskar Abbagana ce. Gemunsa ne, da haƙorinsa da ya ɗan gutsire. Rigarsa ce, har da ƙonewar da hayaƙi ya yi mata a wuya. Sai dai idanun wancan da ruwa-ruwa a cikinsu, da tausayi. Ya fi shi kama da mai rai.

"Zauna ka huta," in ji shi. "Ni zan kai masa."

Ya sa hular, ya karkata ta hagu yadda Abbagana ke yi. Wata barewa ta tako ta kwanta a gabansa. Bai yanka ba, bai yi bisimilla ba. Ya saɓa ta a wuya, kanta na reto, idonta a buɗe. Ya hau tudun yana ɗan jan ƙafar dama.

Abbagana ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Barewun suka matso.

Ya ji numfashinsu a wuyansa, da ɗumi. Wata ta lashi kunnensa. Ba su gudunsa.

Gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Tafukan hannunsa suka sauka a yashi, ya ji hakan ya fi masa daɗi.

Hancinsa ya buɗe. Ya ji ƙamshin kowace ciyawa daban. Ya ji magaryar da ke bayan tudu. Ya ji ruwan, yawunsa ya tsinke.

Ya nemi sunan 'yarsa a kansa. Yana nan kusa, amma bai kama shi ba.

Ba tsoro. Ba nauyi. Ba katifa, ba wari, ba hanyar Nguru.

Ya rarrafa zuwa ruwa, su kuma suna buɗa masa hanya.

Ya sunkuya zai sha. A sauran hasken da ya rage ya ga inuwar kansa a kan ruwan.

Kunnuwan sun yi tsawo.

Ya kai baki.

Igiyar bindigar na maƙale a wuyan hannunsa, yana jan ta a ƙasa bai sani ba. Kunamar ta sarƙe da saiwar goruba.

Ta tashi.

Tsohuwar bindiga ce ƙirar maƙera, kuma yashi ya toshe bakinta. Ta fashe a gefensa. Wuta ta lashe masa hannun hagu, ƙarfe ya yanki yatsu biyu.

Zafin ya ratsa shi har tsakar ka. Rabon da ya ji abu irin haka ya manta.

"Innalillahi!"

Da ihu ya faɗa. Ya miƙe a kan ƙafa biyu.

Ba barewa ko ɗaya. Bai ji ƙarar gudunsu ba. Sai hayaƙin albarushi, da baƙin zane a ƙasa, yana ɗagawa yana sauka kamar akwai mai numfashi a ƙarƙashinsa.

Ya ruga.

Ya faɗi a tudun, ya tashi, ya sake faɗuwa. Ƙaya ta yage masa riga. A gindin aduwa babu babur, sai sawun taya da ya miƙe kudu. Ya bi sawun, hannunsa a ƙirji, jini na bin gwiwar hannu.

Duhu ya sauko. A bayansa akwai taku, ƙanana, masu kofato.

Ya tsaya. Suka tsaya.

Ya yi gaba. Taku uku, su tsaya. Taku uku, su tsaya.

Iska na bugun fuskarsa. Su suna bayansa.

Bai waiwaya ba. Duk abin da ya zo bakinsa na Alƙur'ani ya yi ta jawowa a zuci, yana haɗa wannan sura da waccan, don harshensa ya ƙi sake juyawa. Sai da ya jiyo haushin kare da ƙamshin tuwo, sannan takun ya ɗauke.

Wani ƙaramin ƙauye ne, gidaje ba su fi goma ba, ana fitowa daga sallar isha'i. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, alamar ta sami sabis. Ya ciro ta da hannu ɗaya ya kira Fanne.

Ta ɗauka a bugu na biyu.

"Salamu alaikum. Bawan Allah, kai ka tsinci wayar? Mai ita yana gida, ya ce a dawa ta faɗi. Don Allah ka ajiye mana, gobe sai a zo a karɓa."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito huci ne ta hanci, irin na dabba.

"Hello? Kana ji na?"

A bayan muryarta ya jiyo tsohon yana karatu da ƙarfi, irin ƙarfin da rabonsa da shi tun bara. Sai wani ya yi gyaran murya. Sau biyu, gajere, na biyun ta hanci.

Ta kashe.

Limamin ƙauyen, wani dattijo da ake kira Malam Ibram, shi ya tsince shi tsaye a bakin masallaci da waya a kunne. Ya dubi hannun, ya dubi laka a gwiwoyinsa da haɓarsa, bai tambaye shi daga ina ba. Ya wanke ciwon, ya shafa zuma, ya naɗe da tsumma. Abbagana ya yi ta nuna hanya da hannu yana son tafiya. Dattijon ya ce ba mota, ba babur, kuma ba zai bar shi ya fita ba sai gari ya waye. Ya kwantar da shi a cikin masallaci. Maganarsa ba ta dawo ba sai da aka kira asuba.

Motar da ta ɗauko buhunan wake ce ta sauke shi a Gashua da hantsi.

Tun daga kan layin ya hango tabarmi a gindin darbejiya, da takalma, da maza zaune sun sunkuyar da kai. Babur ɗinsa na jingine a bango, makulli a jiki. Hularsa na rataye a madubi.

Limamin unguwarsu ya taso ya tare shi.

"Abbagana, ina ka shiga? Tun asuba aka ce ka fita za ka kira ni, ba ka zo ba, sai matarka ce ta aiko. Kai muke jira a yi masa wanka." Ya dubi hannun da ke naɗe. "Me ya same ka?"

"Faɗuwa na yi."

"Allah Ya ba da haƙuri. Mu shiga."

Tsohon na kwance an rufe shi da farin zane. Ya ƙanƙance, kamar ba shi ne ya taɓa saɓar namijin barewa daga dawa zuwa gari ba. Abbagana na zuba ruwa da hannu ɗaya, Liman na wankewa. Da suka zo hannun dama sai suka same shi a dunƙule, ya ƙi buɗewa. Liman ya sa aka ƙara ruwan ɗumi, ya riƙa miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Fatar tafin ta saɓule, kamar wanda ya kwana riƙe da igiyar saniya mai fizga. A tsakiya akwai curin gashi, gajere, ja-ja, bakinsa fari.

Liman ya dubi gashin. Ya ɗago ya dubi Abbagana, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tattara gashin a takarda ya sa a aljihu, ya ce, "Ƙaro ruwa."

Sai ranar sadakar uku, da mata suka watse, Fanne ta sami zama da shi a tsakar gida. Ita ta ɗauko maganar, tana tsince shinkafa ba ta dube shi ba.

Ta ce ana idar da magariba ya shigo da barewa a wuya, fuskarsa a sake, har ya ɗauki Kaltum ya cilla ta sama, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta yi sauri ta haɗa romo. Da aka kai wa Baba, sai ya shinshina, ya ce a rufe a ajiye. Ya ce ɗansa ya matso. Yana matsowa ya kama wuyan hannunsa.

"Sai ya ce min in ɗauki yarinyar mu shiga ɗaki in sa sakata, kar in fito sai ya kira ni. Na ce ko wasiyya zai yi maka. Daga nan ban fito ba. Ko da mai tsintar wayarka ya kira, daga ɗaki na amsa."

"Sai me?"

"Sai karatu. Baban Kaltum, ban san da sauran wannan ƙarfin a jikinsa ba. Ya kai aya ya dawo, ya kai ya dawo. Kai kuma kana ta roƙonsa ya sake ka ka zo ka kwanta. Ka ce ka gaji, ka ce Kaltum na kiranka, alhali barci take. Shi kuwa ya ƙi. Har aka yi kiran farko yana riƙe da kai. Ana kiran na biyu muryarsa ta tsaya. Sai na ji fitarka."

Ta zubar da tsakuwar da ta tsince.

"Romon ma ban san wanda ya juye ba. Da safe na buɗe tukunyar na tarar da ruwan laka da gansakuka. Matan makoki dai ba abin da ba sa yi."

Abbagana ya ɗaga kai. Yana kallon ƙofar ɗakinsu, da 'yar siririyar sakatar da shi da kansa ya kafa da ƙusa biyu.

Hannun ya warke, amma yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasawa ba. Ya koma shago bayan arba'in, ya koyi riƙe sifana da sauran ukun. Abokan aikinsa sun lura da abu ɗaya. Ko da inji a buɗe, ko da mai shi na tsaye a kansa, la'asar na yin sanyi zai rufe ya tafi. Yakan shimfiɗa buzu a zaure ya zauna yana fuskantar ƙofa, nan yake magariba, nan yake isha'i. Bai ƙara kwana a wani gari ba. Ya ce wa Fanne duk ranar da ya shigo gida bai tsaya ya yi sallama sau uku ba, kar ta fito. Ta yi dariya, ta ga shi bai yi ba, sai ta bari.

Bai taɓa gaya mata ba. Liman ma bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai in sun gaisa yakan riƙe hannunsa ya ɗan jima kafin ya saki.

Wani lokaci in ana hirar marigayi, Fanne takan tuna daren. Tana faɗinsa da taushin murya, don a wurinta daren ne mijinta ya dawo mata.

"Ta bango nake jiyo ka," takan ce. "Tunda nake da kai ban taɓa jin ka yi kuka irin na ranar ba."

Shi kuma yakan ce, "Haka ne."